Cinikin Biri A Sama: Hukuncin Kuɗin Da Ake Zubawa Cikin Wasan Ƙwallon Waya

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta wa bayinSa ciniki, Ya sanya masa iyakoki, Ya kuma haramta cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wani baƙon al'amari ne da ya shigo gidajen Musulmi ba da sallama ba, watau wasan ƙwallon ƙafa irin wanda ake bugawa da 'yan yatsu a cikin wayar hannu ko a akwatin talabijin, wanda yara ke kira gem, da kuma kuɗin da ake kashewa a cikinsa. Duk wanda ya ratsa garuruwan ƙasar Lautai da yamma, ko Gumel, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ba zai rasa ganin samari sun yi gungu a bakin rumfar mai cajin waya ba, kowa ya sunkuyar da kai, 'yan yatsu na rawa a kan gilashi. Da yawa daga cikin iyaye sun ɗauka abin da yaro ke ɓatawa a nan bai wuce lokaci da data ba. Alhali kuwa a cikin wannan wasa akwai kasuwa wadda ba ta tashi dare da rana, tana da kuɗinta, tana da hajarta, kuma Shari'a tana da magana a kan kowane ciniki da ake ƙullawa a cikinta.

Matsayin Wasa A Musulunci

Da farko dai ya kamata a sani cewa Musulunci bai zo domin ya hana ɗan Adam shaƙatawa ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Madina, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana su ba, har ma ya tsaya Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana kallo ta bayansa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya yi tseren ƙafa da ita har sau biyu, ta tsere masa a karon farko, shi kuma ya tsere mata a na biyu.

Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, daga Abdullahi ɗan Umar, labarin sukuwar da Annabi ya shirya a Madina. Dawakin da aka horar an sake su ne daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuwa aka ba su gajeren zango, daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. Mai karatu ya lura da wannan ƙwarai, domin a nan asalin darasin yake: ba a haɗa horarren doki da wanda ba a horar ba a fage guda. Wasa yana zama wasa ne idan an daidaita masu karawa, har ya zama babu wanda ya san wanda zai yi rinjaye sai an kai ƙarshe. Hausawa ma sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa a fagen kokawa ba a ba yaro ƙato, a langa kuma akan raba sa'o'i daidai wa daida.

Saboda haka asalin wasa halal ne, muddin bai ci lokacin salla ba, bai hana wajibi ba, kuma caca ba ta shige shi ba. Sharaɗi na ukun nan shi ne abin dubawa a yau.

Yadda Kasuwar Take Ci

A shekarun baya mutum yakan sayi faifan wasa sau ɗaya, ya kai gida, dukan ƙungiyoyi da 'yan wasa suna buɗe a gabansa, babu wanda zai sake neman kwabonsa. A shekarar 2009 kamfanin EA Sports na Amurka ya ƙara wani sashe a cikin wasansa mai suna FIFA, ya kira shi Ultimate Team, inda kowa zai gina tasa ƙungiya da katunan 'yan wasa. A 2023 sunan wasan ya koma EA Sports FC bayan kamfanin ya rabu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, amma sashen yana nan yadda yake. Kamfanin Konami na Japan kuma a 2021 ya sake wa nasa wasan suna daga PES zuwa eFootball, ya ce kowa ya sauke shi kyauta. Haka nan Dream League Soccer, wanda ƙaramar waya ma kan ɗauka, kyauta ake sauke shi. To, amma Bahaushe ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

A cikin irin waɗannan wasanni akwai kuɗi iri biyu. Na farko shi ne wanda ake tarawa sannu a hankali ta hanyar buga wasa. Na biyu kuwa sai an saye shi da kuɗi na gaskiya, ta katin banki ko ta hannun wani mai sayarwa. Da waɗannan sulalla na cikin gem ake sayen riguna, da filin wasa, da horon 'yan wasa, da kuma babbar hajar kasuwar, watau rufaffen ƙunshi. Shi wannan ƙunshi mutum yakan biya kuɗinsa tukuna, sa'an nan ya buɗe ya ga abin da ya samu. Yana iya cin karo da shahararren ɗan wasan da ya daɗe yana mafarki, amma mafi yawan lokaci tarkacen da ba ya buƙata zai tarar.

Domin a gane girman abin, kamfanin EA da kansa ya bayyana cewa a shekarar kuɗinsa ta 2021 sashen Ultimate Team na wasanninsa ya kawo masa dala biliyan 1.62, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na dukan abin da ya samu a wannan shekara. Wannan tsabar dukiya ba daga sama ta faɗo ba, ɗigo-ɗigo aka tara ta daga aljihun masu wasa a ko'ina cikin duniya.

Masu tsara kasuwar kuwa sun san zuciyar ɗan Adam. Sun ɓoye naira a bayan sulalla, har mai saye ya daina jin zafin abin da ke fita daga hannunsa. Sukan sayar da sulallan a dunƙule ta yadda kullum sai wani ɗan canji ya ragu, wanda bai isa sayen komai ba sai an ƙaro. Sukan fito da ɗan wasa na musamman su ce kwana kaɗan zai yi ya wuce, domin mutum ya yi gaggawa kafin ya yi tunani. Buɗe ƙunshin kansa an mayar da shi biki: fitilu su haska, a nuna tutar ƙasar ɗan wasan, a nuna ƙungiyarsa, zuciya na ta bugawa, sa'an nan a bayyana fuska. Bugu da ƙari, a wasan EA na akwatin talabijin, da zarar sabon na shekara ya fito, 'yan wasan da aka tara a tsohon ba sa bin mai su, sai ya sake sabon lale.

Inda Daɗin Wasa Ya Tafi

A ɗauki misalin yara biyu sa'o'in juna, ɗaya mahaifinsa mai hali ne, ɗaya kuwa ɗan mai ƙaramin ƙarfi. Na farko ya zuba kuɗi ya cika ƙungiyarsa da zaratan 'yan wasa masu gudu da ƙarfin bugu, na biyu yana fama da waɗanda aka ba shi kyauta. Gaskiya ne gwani yakan doke mai kuɗi a wani lokaci, domin iyawa ba ta rasa amfaninta. Amma idan iyawarsu ta zo ɗaya, aljihu ne zai raba gardama. An haɗa horarren doki da wanda ba a horar ba ke nan a fage guda. Wanda aka ci ya tashi yana jin an zalunce shi. Wanda ya ci kuma, can cikin ransa ya san ba hannunsa ne ya ci ba, saboda haka murnarsa ba ta da kauri.

Wanda ya ƙi biya kuwa, an buɗe masa wata hanya mai tsawo: ya riƙa shiga kullum, ya cika ayyukan da aka ɗora masa na yau da na mako, domin ya tara abin da wani ya saya cikin ƙiftawar ido. Ta haka abin da aka fara domin hutu ya rikiɗe ya zama ƙwadago, yaro ya raba dare ba don yana jin daɗi ba, sai don tsoron kada a bar shi a baya. Wanda ya saba da buɗe ƙunshi kuma, a hankali ƙwallon kanta takan fita daga ransa, ya zama babu abin da ke motsa shi sai wannan ɗan bugun zuciya na lokacin buɗewa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da 'yan karta ya san wannan hali, kuma ya san sunansa.

Ma'aunin Farko: Garari

Malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a cikin Mukhtasar na Shaihu Halilu, sun gindaya sharuɗɗa ga abin da za a yi ciniki a kansa: ya kasance mai tsarki, mai amfani, wanda Shari'a ba ta hana sayar da shi ba, wanda ake da ikon miƙa shi, kuma sananne ga mai saye da mai sayarwa. Idan sharaɗi na ƙarshe ya faɗi, an shiga abin da ake kira garari. Kalmar ta Larabci ce, tushenta ɗaya da kalmar ruɗi, watau abin da zahirinsa ke jan hankali alhali ƙarshensa a ɓoye yake. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya kawo misalansa a cikin Risala, kamar sayar da kifin da ke cikin ruwa, da ɗan tayin da ke cikin uwarsa, da raƙumin da ya tsere. Shi ne Hausawa ke kira cinikin biri a sama.

Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar dogon bayani a kan haka, domin kasuwar Maigatari tana gabansu. Kowace Alhamis shanu da raƙuma da dawaki da tumaki na shigowa daga Nijar da sauran wurare, fatake na zuwa har daga kudancin ƙasa. Mai sayen rago yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya sa a tafiyar da shi ya ga ko yana ɗingishi, sa'an nan a yi tayi, a yi albarka, har a kai ga sallamawa. Mai sayen riɗi ko zoɓo yakan zura hannu cikin buhu ya ɗebo ya gani. Da wani zai zo kasuwar da buhuna ɗari a ɗaure, ya ce a cikin ɗaya akwai rago, sauran kuwa kaji ne da zabi, kowane buhu kuɗinsa ɗaya, ba a kwancewa sai an biya, da babu dillalin da zai tsaya masa, kuma da sarkin kasuwa bai bar shi ya wuni ba. To, wannan buhu shi ne rufaffen ƙunshin da ke cikin wayar yaro.

Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa garari kashi uku a cikin littafinsa Alfuruƙ: mai yawa wanda aka haɗu a kan haramcinsa, kamar tsuntsu a sararin sama, da ɗan kaɗan wanda aka haɗu a kan yafe shi, kamar harsashin ginin gida da ba a gani, da matsakaici wanda malamai suka yi saɓani a kansa. Shaihu Halilu kuwa ya nuna cewa wanda ake yafewa shi ne ɗan kaɗan, wanda buƙata ta kawo, kuma ba shi aka nufa da cinikin ba. Rufaffen ƙunshi ya saɓa wa dukan ukun. Rashin sanin ba kaɗan ba ne, domin tsakanin mafi kyawun kati da mafi muni akwai tazara mai nisa. Babu buƙatar da ta tilasta shi, domin kamfani yana da ikon sa wa kowane ɗan wasa farashinsa a fili. Sa'an nan rashin sanin shi ne ainihin abin da ake sayarwa.

Ma'auni Na Biyu: Maisir

Allah Maɗaukaki Ya ambaci caca da sunan maisir, kalmar da malaman lugga suka ce ta fito daga yusur, watau sauƙi, domin samu ne ba da gumi ba. A cikin Suratul Baƙara, aya ta 219, an bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. A cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, aka haɗa ta da giya aka yi umarni da nisantarta, aka kuma faɗi dalili: Shaiɗan yana bi ta nan ya shuka gaba da ƙiyayya, ya kuma kange mutane daga ambaton Allah da salla.

Maisir ɗin Larabawan Jahiliyya kuwa ga yadda yake. Mutane sukan yanka raƙumi, su zuba kibau goma a cikin jakar fata. Bakwai daga ciki suna da rabo, daga mai kashi ɗaya har zuwa mai kashi bakwai wadda ake kira Mu'alla, uku kuwa ba su da komai. Sai a girgiza jaka a riƙa zarowa da sunan kowa. Wanda kibiyarsa ta fito da rabo ya kwashi nama, waɗanda suka tashi a tutar babu su ne za su biya kuɗin raƙumin. Sau da yawa ma matalauta ake raba wa naman, amma wannan bai hana a haramta shi ba. Ma'aunin da malamai suka fitar shi ne: duk mu'amalar da mutum zai shiga da dukiyarsa yana tsakanin samu da asara, kuma sa'a ce kaɗai za ta raba, to caca ce, kowane suna aka sa mata.

Wani zai ce ai mai buɗe ƙunshi ba ya tashi hannu rabbana, dole ya sami wani abu komai ƙanƙantarsa. Amsar wannan tana cikin hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, inda Annabi ya hana cinikin tsakuwa da cinikin garari. Ɗaya daga fassarorin da malamai suka yi wa cinikin tsakuwa shi ne, mai saye ya biya ƙayyadadden kuɗi, ya jefa tsakuwa a kan tarin tufafi, wanda ta faɗa a kai shi ne nasa. Shi ma ai ba ya tashi hannu rabbana, amma duk da haka an hana.

Wani kuma zai ce ai yanzu ana rubuta yawan sa'ar da mutum ke da ita kafin ya saya. Haka ne. Ƙasar Sin ta wajabta hakan a 2017, kamfanin Apple ya bi sahu a ƙarshen wannan shekara, Google kuma a 2019. Da aka fara bayyanawa sai aka ga wasu manyan katunan sa'ar samunsu ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Mai karatu ya yi lissafi: idan sa'ar ɗaya ce cikin ɗari, aka sami mutum 100 kowannensu ya buɗe ƙunshi 100, to kusan 37 daga cikinsu za su gama ba su ga abin da suke nema ba. Sanin cewa rago ɗaya ne a cikin buhuna ɗari bai gaya wa kowa buhun da yake ciki ba, saboda haka gararin yana nan daram.

Abin Da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Ba Musulmi kaɗai ne suka ga wannan ba. A watan Afrilu na 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan ƙunshi da ake saya da kuɗi caca ne, har kamfanin EA ya daina sayar da sulallansa a can a farkon 2019. A ƙasar Holand wata kotu ta amince a 2020 a ci kamfanin tara har ta yuro miliyan 10, amma a 2022 kotun sama ta soke hukuncin. A Ingila wani kwamitin majalisar dattawa ya nemi a 2020 a sa abin ƙarƙashin dokar caca, gwamnati kuwa a 2022 ta zaɓi ta bar wa kamfanoni su gyara da kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2019 ta sanya kamuwa da jarabar gem a cikin jerin cututtuka. Dokokin mutane suna kai gwauro suna kai mari, amma Musulmi yana da ma'aunin da ya riga su da ƙarni goma sha huɗu.

A Nijeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2024 cewa tsara al'amuran caca da reta haƙƙin jihohi ne. Jihar Jigawa kuwa ta ƙaddamar da Shari'a tun shekarar 2000. Ke nan majalisar da ke Dutse da malamanta suna da hurumin duba wannan sabuwar ƙofa.

Almubazzaranci Da Dukiyar Yara

Ko da a ce babu garari, akwai wani ma'auni. Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, ta yi kakkausan hani ga almubazzaranci, ta kuma danganta masu yin sa da shaiɗanu. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba a cikin Bukhari da Muslim ya lissafa tozarta dukiya a cikin abubuwan da Allah Yake ƙi. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa ranar alƙiyama za a tambayi bawa dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Haɗarin ƙananan kuɗi shi ne ba a jin fitarsu. Saurayin da ke zuba naira 500 kullum, a wata ya kashe 15,000, a shekara 182,500, watau fiye da albashin wata biyu da rabi na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. A ƙasar da ake jiran damina guda a shekara, wannan jarin kiwo ne, ko kuɗin taki, ko kuɗin makarantar ƙanne. Abin da aka saya kuwa ba mallaka ba ce ta haƙiƙa, domin sharuɗɗan kamfanonin sun nuna cewa izinin amfani kawai aka bayar, ranar da aka rufe wasan ko aka toshe asusun mutum, shi ke nan an yi wa rogo kallon kitse.

Game da yara kuwa, Suratun Nisa'i, aya ta 5, ta hana a danƙa dukiya ga wanda bai san tattalinta ba. A mazhabar Malikiyya cinikin yaro mai wayo ba ya zama lazimi sai da yardar waliyyinsa. Uban da ya bar katin bankinsa a maƙale cikin wayar da yaro ke wasa da ita, shi ya buɗe ƙofa da hannunsa. Yaron da ya ɗauki kuɗin cefane, ko ya yi ƙaryar kuɗin littafi, domin ya sayi sulalla, ya haɗa laifi biyu.

Hukunci A Taƙaice

Na ɗaya, buga wasan kansa ba tare da kuɗi a tsakani ba halal ne bisa sharuɗɗan da suka gabata. Haka nan biyan mai gidan gem kuɗin zama, wannan haya ce sananniya, babu laifi a cikinta.

Na biyu, sayen abu sananne da farashi sananne, kamar riga, ko wani ɗan wasa da aka ambata sunansa aka sa masa kuɗi a fili, ya halatta ga baligi mai hankali da dukiyarsa, muddin bai tauye haƙƙin iyali ba kuma bai kai ga almubazzaranci ba.

Na uku, sayen rufaffen ƙunshi ko jefa ƙuri'ar 'yan wasa da kuɗi na gaskiya, ko da sulallan da aka saya da kuɗi, bai halatta ba, saboda garari mai yawa da siffar maisir. Wanda aka ba mutum kyauta ba tare da ya biya ba hukuncinsa ya fi sauƙi, domin babu dukiyar da aka jefa cikin haɗari, sai dai a kiyaye, domin da shi ake lasa wa yaro zuma a baki.

Na huɗu, al'adar nan ta gidajen gem cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan duka, ko a ajiye kuɗi wanda ya ci ya kwashe, caca ce, komai ƙanƙantar kuɗin. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ma ya gayyaci abokinsa caca da fatar baki an umarce shi da ya yi sadaka, balle wanda ya aikata.

Na biyar, saye da sayar da asusun wasa ko sulalla a bayan fage abin gudu ne, domin kamfanonin sun hana, suna iya toshe asusun, kuma mai sayarwa yana iya ƙwace abinsa bayan ya karɓi kuɗi. Wannan raƙumi ne da ya tsere.

Nasiha

Wanda ya riga ya afka, ƙofar tuba a buɗe take: ya daina, ya yi nadama, ya mayar da abin da ya ɗauka ba da izini ba ko ya nemi gafarar mai shi. Kada ya ce sai ya fanshe abin da ya zuba, domin da wannan igiya ake ɗaure ɗan caca, garin neman gira ya rasa ido.

Iyaye su cire katin banki daga wayar yara, su sa mabuɗin sirri a kan kowane saye, su kuma zauna su tambayi yaro yadda wasan yake, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsawa kaɗai ba ta magani, ta kan koya wa yaro ɓoyewa ne. Malaman Islamiyya da na zaure, idan sun iso babin ciniki a Risala, su haɗa misalin kifi a ruwa da misalin ƙunshin waya, domin ɗalibi ya gane cewa karatun na yau ne. Masu gidajen gem su hana caca a rumfunansu, su kashe na'ura idan an kira salla, abincinsu zai fi albarka. Samari kuma su koma ga irin karawar da ake zaɓar ƙungiyoyi masu ƙarfi ɗaya, a zauna kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi iyawa ya ci, a yi dariya a tashi. Mafi alheri ma su fita fili su buga ƙwallon da ƙafafunsu, jiki ya amfana, zumunci ya ƙaru.

Allah Ya tsare zuriyar Musulmi daga caca, bayyananniya da ɓoyayya, Ya sanya albarka a cikin dukiyoyinsu da lokutansu, Ya azurta su da halal Ya wadatar da su daga haram. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.